Hawa Filato da karnuka: inda za ka kai su, da ruwan da ba za su shiga ba

Tambaya: Likita, ina zaune a Abuja, ina da karnukan gadi biyu. Babban ɗan shekara uku ne, irin na Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke aiki da su, ƙaramin kuma kwikwiyo ne ɗan wata huɗu. Ni da iyali muna so mu hau Jos ran Juma'a mu dawo Lahadi, mu ga tafkunan kan tsauni da sauran wuraren kallo, ga shi ba wanda zan bar wa karnukan. Zan iya tafiya da su? Ina ya dace mu je, me kuma zan shirya?

Amsa: Malam, babban zai iya zuwa, zai ma ji daɗin sanyin Jos fiye da ku. Kwikwiyon kuwa ka nema masa wurin zama. Akwai asibitocin dabbobi a Abuja da ke karɓar ajiyar kare na kwana biyu ko uku, kuɗin kuma bai kai na jinya ba.

Dalilina shi ne allura. Riga-kafin da ake yi wa kwikwiyo, wanda za ka ga an rubuta DHLPP a katinsa, ana fara shi ne yana da mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Na haukan kare kuma sai ya cika wata uku, sannan jiki yana buƙatar mako uku zuwa huɗu kafin allurar ta kama. Ka ga ɗan wata huɗu yana kan gaɓa ke nan, ko dai bai gama ba ko kuma yanzu ya gama. Ƙwayar cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini, tana iya yin watanni a cikin ƙasa tana jira, kwikwiyo kuwa komai ya gani sai ya shinshina ya lasa. Ga ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba balle a sa shi tsalle-tsalle a kan duwatsu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shi ma babban, kafin ka sa ranar tafiya ɗauko katinsa ka duba. A nan ƙasar duk shekara ake sabunta allurar haukan kare. In ta wuce shekara, a yi masa yanzu, a ɗaga tafiyar da wata guda. Ina matsa wannan ne saboda inda za ka. A jihar Filato akwai al'ummomin da ke cin naman kare, kuma a Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke akwai kasuwar karnuka da ke cikin mafi girma a ƙasar nan. Ana kwaso karnuka daga jihohin arewa masu nisa, har da ƙetaren iyaka, mafi yawansu ba su taɓa ganin allura ba, kuma masu bincike sun sha samun alamar cutar haukan kare a ƙwaƙwalwar waɗanda aka yanka. Abincin mutane ba hurumina ba ne, abin da ya shafe ka biyu ne: karnuka baƙi suna yawan shigowa jihar, sannan karen da ya ɓace a can yana da kuɗi a kasuwa, da wuya ya dawo. Abin mamaki kuma, a jihar ne ake yin allurar kanta, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke wurin tun 1924, lokacin da ciwon bushiya ke ƙarar da shanun arewa.

Hanya kuma, daga Abuja ta Keffi da Akwanga, ka ƙiyasta awa huɗu zuwa biyar, gwargwadon halin titi da shingayen jami'an tsaro. Ka tashi da sassafe, don zafin da zai wahalar da karen yana ƙasa ne, tsakanin Keffi da gindin Hawan Kibo. Kada ka ba shi abinci awa uku ko huɗu kafin tashi, in ba haka ba zai amayar da shi a kujera. Ruwa kam ka ba shi. Ya zauna cikin keji ko a ɗaure a kujerar baya inda iska ke kai masa. But ɗin mota a rufe ba wurin mai rai ba ne. Duk bayan awa biyu ka tsaya ya sauka da igiya a wuya, ya yi fitsari ya sha ruwa. In kun tsaya sallah ko cin abinci, wani ya zauna da shi a inuwa. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma mota a rufe a rana tana iya kashe shi kafin ku sallame. Zafin jikinsa na lafiya 38 ne zuwa 39 da ɗoriya a ma'aunin Salsiyos. Ya haura 41, rai na cikin haɗari. In ka ga haki ya yi tsanani, miyau na dalala, dasashi ya yi ja wur, yana tangaɗi, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, ka sa shi a iska, sannan ka nemi likita. Maganin barci kuma kada wani ya ba ka shawarar ɗura masa don ya yi shiru a hanya. Katin allura ya kasance kusa da hannu, ana iya tambayarka a shinge.

Tsayin wurin ba abin damuwa ba ne. Jos tana kan kusan mita 1,200, ƙololuwar tsaunukan Shere kuma mita 1,829, babu inda iska za ta yi wa lafiyayyen kare ƙaranci. Abin da nake tsoro a tafiyar nan shi ne ruwa, don abin da baƙo ke kira tafki a Filato iri uku ne, kowanne da halinsa.

Mafi yawa su ne kududdufan haƙar kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka yi ta tona ƙasar Jos da Bukuru da Barikin Ladi suna ɗibar kuza, da kasuwar ta faɗi aka watse aka bar ramukan, ruwan sama da na ƙasa ya cika su. Suna nan ɗaruruwa. Su ne za ka hango daga titi, ruwa shuɗi ko kore kwance tsakanin tudun jar ƙasa, gwanin kyau a hoto. Wurin shaƙatawa na Rayfield ma a bakin irin wannan ruwa yake. To amma ramin haƙa ba shi da gaɓa mai gangara a hankali irin ta tafkin Allah. Bakinsa a tsaye yake kamar na rijiya, taku biyu daga inda ruwa ke iya idon sawu sai ka ji babu ƙasa. Karenka ya iya iyo, ba shi ne matsalar ba. Matsalar fitowa ce. Zai iyo ya dawo bakin, ya kafa farce a yumɓu mai santsi, ƙasar ta zabtaro masa, ya koma, ya sake gwadawa a wurin dai, don kare ba ya tunanin zagayawa ya nemi inda ya fi sauƙi. Cikin 'yan mintoci ya gaji, ruwan ƙasan kuma da sanyi. Daga nan sai mai kare ko ɗansa ya faɗa don ceto, kududdufan nan kuwa sun sha cin mutane, har da waɗanda suka iya ruwa. Saboda haka a bakin kowane kududdufi igiya na hannunka, hannun babba, ba na yaro ba, kuma kada kowa ya jefa sanda ko ƙwallo cikin ruwa don a ga bajintarsa.

Sha ma kada ya sha. Ruwan da ke kwance, ɓeraye da shanu na fitsari a ciki, shi ne gidan cutar lefto, mai lalata ƙoda da hanta, wadda kuma kare ke iya shafa wa mutanen gida ta fitsarinsa. Allurar DHLPP tana rage haɗarin amma ba ta rufe kowane nau'i ba. Akwai kuma wata gansakuka da ke tasowa a ruwa mara gudu idan rana ta yi zafi, ta yi kore shar a sama sai ka ce an zubar da fenti. Wani nau'inta na da dafin da ke kashe kare cikin awoyi, babu makari, kuma da ido ba a bambance mai dafi da marar dafi. Ko lasar gashinsa ya yi bayan ya shiga, ya isa. Ka ɗauko ruwansa daga gida ko masauki, da kwanonsa. Kare mai kilo 30 yana shan kusan lita biyu a rana yana zaune, ran hawan dutse ka tanadi ninki. In ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tun bai nema ba, ba zai ja ka zuwa kududdufi ba. Yaranka ma ka hana su wasa a irin wannan ruwa, saboda tsargiya.

Iri na biyu madatsun ruwa ne. Na Lamingo da na Liberty suna gabashin gari a gindin Shere, kuma daga cikinsu ake ba mutanen Jos ruwan sha. Wuri ne mai daɗin zagayawa da yamma, duwatsu sun kewaye ruwan, amma ba wurin wankan kare ba ne, kuma in ya yi kashi ka kwashe a leda ka tafi da shi. Tafkunan Kurra da ke yankin Barikin Ladi su ma madatsu ne, na kamfanin NESCO da ya fara samar da lantarki a can a 1929 don masu haƙar kuza. Sun fi na cikin gari girma da kyau nesa ba kusa ba, sai dai wurin aikin kamfani ne, da izini ake shiga, ga ruwa mai ja kusa da inda ake sakinsa.

Na uku shi ne wanda nake jin shi kake nufi da tafkin kan tsauni: Pidong, a Ampang ta Yamma cikin ƙaramar hukumar Mangu, ƙasar Mwaghavul. Bakin tsohon dutse ne mai aman wuta da ya mutu, ruwa ya taru a cikin kwarinsa, yana cikin jerin irin waɗannan duwatsu da suka bi ta Kerang, inda ake ɗura ruwan SWAN. Za ka hau gefen dutsen, kana kaiwa baki sai ka ga ruwan can ƙasa a zagaye. A ganina duk Filato babu tafkin da ya kai shi cancantar a yi tattaki dominsa. Amma daga Jos tafiyar awa biyu ce ko fiye, ta Mararabar Jama'a da Barikin Ladi da Mangu da Panyam, kuma wuri ne da masu shi ke girmamawa bisa al'adarsu. Ba a faɗa masa kai tsaye. Ka fara gaida mai gari, ka ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen, ka faɗa masa tun a mota cewa da kare kake. In ya ce kare ya tsaya a ƙasa, sai ya tsaya, wani ya zauna da shi a inuwa.

Sai batun tsaro, wanda shi zai yanke hukuncin zuwa Kurra da Pidong. Riyom da Barikin Ladi da Bokkos da Mangu sun sha fama da hare-hare da ramuwar gayya. A jajibirin Kirsimetin 2023 an kashe mutane fiye da 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, a Janairun 2024 kuma sai da aka kafa dokar hana fita a Mangu. Akan yi watanni lafiya lau, sannan abu ya tashi cikin dare ɗaya. Ka tambayi mutumin da ke zaune a yankin ana gobe za ka tafi, ka sake tambaya da safen. Ka fita bayan gari ya waye sosai, ka dawo Jos kafin la'asar sakaliya. In ka ji ana ƙishin-ƙishin, ka haƙura da can.

Da ni ne, ga yadda zan raba kwanakin. Ran Juma'a a hanya zan ɗan tsaya a magangarar ruwa ta Assop da ke Hawan Kibo, kimanin kilomita 60 kafin Jos, kare a igiya nesa da bakin ruwan, don duwatsun na da santsi, da damina kuma ruwan na da ƙarfin da zai tafi da shi. Gaba kaɗan ga duwatsun Riyom da suka hau kan juna, daga titi ma ana ganinsu. Asabar da sassafe Shere, da ɗan jagora, awa biyu ko uku, a sauko kafin rana ta take, da yamma a zagaya Lamingo. Pidong sai in an samu labari mai daɗi, kuma in za a je shi, shi kaɗai ne aikin ranar, a bar Shere zuwa safiyar Lahadi. Masu son su haɗa Shere da Kurra da Pidong a kwana biyu, a mota za su ƙare hutun, karen kuma a keji.

Wuraren cikin gari na iyali ne, ban da kare. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana da gumakan yumɓu na Nok waɗanda a wajen haƙar kuza aka fara tono su, kusa da shi kuma akwai filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Yara za su so shi. Gidan namun daji da ke gefensa da kuma babban gandun namun daji da aka kafa a 1972, kada ka ma gwada shiga da kare ko da mai tsaron ƙofa ya yi maka kara. Cutar distemfa ta karnuka tana kama zaki. A 1994 ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan Serengeti a Tanzaniya. Wannan ya kawo maganar masauki: otal-otal da yawa ba sa karɓar kare, ka yi waya ka tambaya tun kana Abuja. Gidan saukar baƙi mai katanga da tsakar gida ya fi, inda za a bar shi a inuwa da ruwa na 'yan awoyi. In da hunturu ne, dare a Jos yakan sauko kusan digiri 10, ka shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo, kada ya kwana a kan siminti.

A kan dutsen, abin da baƙi ba sa lura da shi shi ne duk inda ka taka gonar wani ce ko makiyayar wani. Tsakanin duwatsun akwai dankalin Turawa da acca da kayan lambu, ga garken Fulani na kiwo. Karen gadi da bai taɓa ganin saniya ba, ya hango maraƙi zai bi shi, saniya mai jego kuma ba ta wasa, ƙaho ɗaya ya isa ya farke masa ciki. Ko bai ji rauni ba, a ƙasar da rikicin noma da kiwo ya ci rayuka, ba ka so a ce karen baƙo ne ya tarwatsa garke ya tura shi gonar mutane. In kun haɗu da shanu, ka gajarta igiya, ka koma gefe, ka yi wa makiyayin sallama, su wuce. Haka in za ku ratsa ƙauye: karnukan gari za su fito da haushi, kada ka tsaya a gaisa. Mutane da yawa, Musulmi da ma waɗanda ba Musulmi ba, ba sa son kare ya shinshine su ko ya taɓa musu tufafi, ka ba su hanya, kuma kada kwanonsa ya shiga rijiya ko randar kowa. Takunkumi na aljihunka don wurin cunkoso, irin mai raga wanda zai bar shi ya yi haki.

Ka kuma kula da shingen ƙerana. A ƙauyukan Filato da ita ake kewaye gida da gona, doguwa kore mai ƙaya, ta yi layi a bakin 'yar siririyar hanya. In reshe ya karye farin ruwa ne ke fitowa, mai ƙuna. Kare ya kutsa kai cikin shingen yana bin ƙadangare, sai ka ga ya fito yana murza fuska a ƙasa, ido a rufe yana hawaye, leɓe ya kumbura. Ka riƙe kansa ka yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon na minti goma sha biyar ko fiye, ka hana shi sosawa, ka kai shi a duba. Haka za ka yi in gamsheƙa ta tofa masa dafi a ido. Sara kuwa, na kasa ko na kububuwa, wadda ta fi yawa a ƙasan tsauni wajen Langtang da Shendam, ba a tsagawa, ba a ɗaurewa, ba a tsotsa. Ka ɗauke shi kada ya taka, sai asibiti. Shi ya sa nake so ka nemi lambar wani likitan dabbobi na Jos tun kafin ka tashi, wanda zai ɗaga waya ran Asabar.

Kaska tana nan jingim duk inda shanu ke bi, musamman da damina da kaka. A sa masa maganinta kwana biyu ko uku kafin tafiya, na ɗigawa a ƙeya ko na haɗiya, wanda likitansa ya zaɓa. Kada ka wanke shi da maganin feshin gona ko na wankan shanu da aka haɗa da ka, karnuka da yawa sun mutu a haka. Kowace yamma ka bi jikinsa da hannu: cikin kunne, tsakanin yatsu, hammata, ƙarƙashin abin wuya. Wadda ka samu, ka kama ta daf da fata ka ja a miƙe. Ka duba tafin ƙafarsa ma, karen da ya saba da tayil ɗin gida dutse kan sale masa shi. In yana ɗingishi, hutu ne maganinsa na farko. Ibuprofen da diclofenac da muke sha suna huda wa kare ciki su kashe ƙoda, farasitamol ma ba a ba shi sai da awon likita. Abincinsa na gida za ka ɗauko masa. Ragowar tsire da albasa da ƙashin kaza dafaffe, a bar wa kwandon shara.

In tsautsayi ya sa ya ciji wani, ko wani kare ya ciji ɗayanku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a tafi asibiti a ranar don allurar bayan cizo, kada a jira a ga alama, don haukan kare in ya bayyana ba ya warkewa. Ka nuna katin karenka, ka bar lambar wayarka, ka ɗauki nauyin magani, a kuma sa masa ido na kwana 10. In shi aka ciza, ka sa safar hannu ko leda ka wanke raunin haka nan, a sake masa allura nan take, a killace shi wata ɗaya da rabi ana lura.

Bayan kun dawo Abuja, ka yi masa wanka ka wanke shimfiɗarsa kafin ya haɗu da kwikwiyon, sannan ka sa masa ido na mako uku. Zazzaɓin kaska ba ya nuna kansa sai bayan mako ɗaya zuwa uku: zai ƙi abinci, ya yi lakwas, dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Amai da yawan shan ruwa da ido rawaya kuma alamar lefto ce. Kowanne ka gani, a kai shi a ɗebi jini a ranar, ka kuma gaya wa likitan inda kuka je da irin ruwan da ya kusanta. In kuma ka ga ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya a cikinsa ko cinyoyinsa, tsutsar ƙudan nan ce da ke sa ƙwai a ƙasa mai danshi inda ya kwanta. Ka toshe ramin da man basilin, bayan ɗan lokaci za ta leƙo neman iska, sai ka matsa gefe da gefe a hankali ta fito ɗungurungum, ka wanke wurin.